Sitiyarin tsohuwar mota yana rawa: boris ne ko wani ciwo daban?

Mahaifinmu ya bar mana Peugeot 504 haɗin Kaduna, ni kuma na gaje ta da ɗawainiyarta. Tun da na gyara mata sitiyari bara, duk mai tsohuwar mota a majalisarmu ta Mabera ni yake tara da tambaya, sai ka ce na buɗe gareji. Ga tambayoyin da suka fi yawan yi mini, da amsar da na samo daga kwanciya ƙarƙashin mota da zama kusa da masu sana'ar.

Wai ina boris ɗin nan yake, kuma mene ne aikinsa?

Sitiyarin da kake riƙewa a ɗaure yake a kan doguwar sandar ƙarfe. Sandar ta ratsa cikin bututu, ta gangara ta saman ƙafafunka, ta huda bangon da ya raba ka da inji. Bututun ba ya motsi, domin da jikin mota aka ɗaure shi. Sandar ce ke juyawa a cikinsa. Abin da ke riƙe ta daidai a tsakiya guda biyu ne: ɗaya a sama, dab da bayan sitiyari, ɗaya can ƙasa. A wasu motocin boris ne mai 'yan ƙwallayen ƙarfe, a wasu kuma bushin ne na roba mai tauri. Tsofaffin motocin Ingila ma har da bushin na matsattsen gashi da ake jiƙawa da mai. Aikin duk ɗaya ne: sanda ta juya sumul, amma kada ta karkata ko'ina.

Sitiyarina yana rawa. Ta yaya zan gane boris ne?

Nan ne kuɗin mutane suke zurarewa, nawa ma sun zurara. Rawar sitiyari iri biyu ce, muna kiransu da suna ɗaya, alhali ciwonsu daban.

Ta farko: ka juya sitiyari hagu ko dama, ya yi 'yar tafiya kafin taya ta amsa. Wannan da wuya ya zama boris. Yawanci a ƙasa yake: gaɓar da ta haɗa sanda da rak (dogon ƙarfe mai haƙora da ke tura tayoyi hagu da dama), ko robar da ke wurin, ko kan tayarod (ƙarfen da ya haɗa rak da taya), ko rak ɗin kansa, ko akwatin sitiyari ga motar da ke da shi maimakon rak.

Ta biyu: ba ka juya komai ba, amma in ka kama sitiyari da hannu biyu ka ɗaga sama ka danna ƙasa, ko ka tura shi gefe da gefe, sai ka ji yana motsi, wani lokaci har da ƙwas-ƙwas. Ko ka jawo shi wajen ƙirjinka ka ji ya biyo ka kaɗan. Wannan shi ne ciwon boris ko bushin.

Ni ta biyun ce ta kama tawa, amma ban san bambancin ba. Wani matashin bakanike ya canza mini kan tayarod duka biyu, na biya, na hau hanyar Bodinga, ƙarar na nan yadda take. Sai wani dattijo da ya yi zamanin Peugeot 404 ya zauna a kujerar direba, mota a kashe, ya ɗaga sitiyarin da yatsu biyu. Ya ce, "Ɗana, ciwon ga ba ƙasa shike ba, bisa shike." Na ce, "Baba, to tayarod ɗin fa?" Ya ce in adana tsofaffin, lafiyarsu lau.

Gwajin na mutum biyu ne in ana son tabbaci. Ɗaya ya riƙa girgiza sitiyari a hankali, ɗaya ya buɗe bonet ya sa ido da hannu a kan sandar inda ta fito. In sanda na juyawa a sama amma ƙasan gaɓa bai motsa ba, gaɓar ce. In sanda na lilo a bakin bututu, boris na ƙasa ne. Kafin ma a kai nan, leƙa ƙarƙashin dashbod: in bututun duka yana motsi tare da sitiyari, notocin da suka ɗaure shi ne suka saki, kuma sifana kaɗai za ta gama aikin. A duba babban notin tsakiyar sitiyari shi ma.

Akwai wasu alamu da ke tona asirin boris na sama: oda ta riƙa busawa da kanta in ka sha kwana, sigina ta daina komawa bayan ka miƙe, ko ka ji gurza-gurza kamar yashi in kana juyawa. Masu 404 da 504 na farko, masu giya a jikin sitiyari, su lura cewa sandar giyar tana da nata bushin, kuma ƙararta na kama da wannan.

Akwai rawar da za a iya haƙura da ita?

Ta juyawa, e, 'yar kaɗan. A ma'aunin gwajin lafiyar mota na Ingila, ga sitiyari mai faɗin milimita 380, motar da ke da rak ba a son rawarta ta wuce milimita 13 a bakin da'irar, wajen kaurin ƙaramin yatsa ke nan. Mai akwati kuwa ana ɗaga mata ƙafa har milimita 75. Peugeot 404 da 504 masu rak ne. Yawancin Volkswagen mai siffar kunkuru, da Mercedes ta shekarun 1976 zuwa 1985, da tsohuwar Land Rover, masu akwati ne, don haka kada mai Mercedes ya gwada tasa da ta mai Peugeot ya tada hankalinsa.

Ta sama da ƙasa kuwa, ni ba na yarda da ko kaɗan. In hannunka ya ji ta, an riga an ci ƙarfe.

Me ke cinye shi?

Shekaru, da farko. Giris ɗin da aka sa tun a masana'anta babu mai sake waiwayarsa, kuma motar da ta haura shekara talatin tana shan zafin Sakkwato, inda daga Maris zuwa Mayu awon zafi ke wuce digiri 40, giris ɗinta ya daɗe da zama kamar busasshen ƙaro. Hunturu ya zo da ƙura, ta shiga ta bakin bututu ta gauraya da ɗan abin da ya rage. Daga nan ba giris ba ne kuma, abin wasa wuƙa ne. Bushin na roba shi kuma bushewa yake ya tsage. Gargadar hanyoyin ƙauye ta ƙarasa.

Sai halinmu. Dubi yadda dattijo yake shiga mota: ya kama saman sitiyari, ya rataya nauyinsa duka, ya jawo jikinsa da babbar riga ya zauna. Fita ma haka. Boris na sama don juyawa aka yi shi, ba don ɗaukar mutum ba. Ni kaina sai bayan gyara na kama kaina ina yi.

Zan iya ci gaba da hawa a haka?

Zuwa gareji, e. Zuwa Illela da iyali, a'a. Boris ba kasafai yake raba sitiyari da taya ba, amma in ya farfashe, ƙwallayensa na iya maƙalewa, sitiyari ya cije a tsakiyar kwana. Kuma duk ranar da ka ƙara, sandar kanta ake ci, ita kuwa ta fi boris wuyar samu.

Yaya ake gyaran? Ina son in san abin da zan sa wa ido.

Wannan bayani na tsofaffin motoci ne marasa jakar iska a sitiyari. Mai jakar iska aikinta daban, kada a taɓa ta da wannan.

A miƙe tayoyi sak, a cire kan batir, domin wayoyin oda da sigina da makulli duk a nan suke. A cire murfin tsakiya, a sassauta babban noti amma kada a cire shi duka. A bar shi a bakin zare, saboda sitiyarin da ya shekara talatin a maƙale in ya saki da ƙarfi yake tahowa, kuma fuskar mai ja ce a gabansa. Kafin a zare, a yi alama da fenti ko ƙusa a kan sanda da sitiyari, don haƙoran su koma mazauninsu.

Abin da za ka tsaya a kai tsayin daka shi ne guduma. Akwai ƙarfen jan sitiyari da ake ɗaurawa ya fizgo shi a hankali; in babu, a yi ta girgizawa ana ja. Kada a daki kan sanda. Daga ƙarshen shekarun 1960 motoci da yawa suna da sanda mai shigewa cikin kanta in an yi karo, don kada ta soki ƙirjin direba. Amurka ta wajabta haka tun 1968. Abin da ke riƙe irin wannan sanda ba shi da ƙarfi, da gangan aka yi shi haka, kuma duka ɗaya na iya karya shi. Ko sandar ba irin wannan ba ce, guduma tana lalata zare.

Bayan sitiyari sai makunnin sigina, sai zoben ƙarfe da wasu 'yan faranti, wani lokaci da sifirin. A jera su a kan tsumma yadda suka fito, ko a ɗauki hoto da waya, domin juya farantin nan ɗaya yana dawo da rawar da aka zo kashewa. Boris na sama sau da yawa yana fita sanda na cikin mota. Na ƙasa kuwa yawanci sai an kwance gaɓa an sauke bututun gaba ɗaya, kuma a nan ma a yi alama. Shawarata, in an sauke, a canza biyun.

Kafin a sa sabo a shafa sanda da yatsa inda tsohon ya zauna. In ta yi kwari, sabon boris ba zai kama ba. In lafiya take, a wanke, a cika sabon da giris, a tura shi a miƙe da bututun da ya yi daidai da zobensa na waje. In aka daki zoben ciki, tun bai fara aiki ba an raunata shi. Wajen ɗaurewa a tsaya inda rawa ta mutu amma sitiyari yana juyawa da sauƙi.

In ba a samu irinsa a kasuwa ba fa?

Je da tsohon a hannunka, kada ka je da sunan mota kawai. Boris da yawa suna da lamba a jikinsu, kuma masu sayarwa da lambar suke aiki. In ta goge, awo uku ne: faɗin rami, faɗin waje, da kauri. Masu Peugeot suna da sauƙi: Kaduna ta fara haɗa motocin a 1975, ta ci gaba da 504 har bayan shekarar 2000, don haka gawarwakinta sun cika gari, ana iya samun bututu da sandarsa daga wadda aka yanka. Sai dai a gwada shi a hannu tun a wurin, don shi ma sa'an naka ne. Bushin kuwa, mai injin sassaƙa ƙarfe zai iya fitar da sabo daga farar roba mai tauri ko tagulla in an kai masa sanda da bututu ya auna.

Bakanikena ya ce zai cusa gwangwani, ko ya ƙara ɗaure akwati. In yarda?

Gwangwanin madara da yankan tsohon tib suna kashe ƙara na 'yan makonni, sannan su lanƙwashe, kuma cikin bututun sitiyari ba wurin da za a bar ƙarfe yana yawo ba ne. Zuba baƙin mai shi ma wanke ragowar giris yake ya kira ƙura. Walda a jikin sanda kuwa, ko kyauta ce kada ka karɓa.

Ɗaure akwati magana ce daban. Motoci masu akwati suna da wani sukuru a samansa da ake rage rawar juyawa da shi, kuma gyara ne na gaskiya in ciwon a nan yake, in an yi shi kaɗan-kaɗan tayoyi na miƙe. Amma bai san da zaman boris ba. In aka matse shi don a ɓoye rawar sama, sitiyari zai yi nauyi, ya daina dawowa da kansa bayan kwana, haƙoran akwatin su fara cin juna, rawar kuma tana nan.

Bayan an gama, sai na kai ta a daidaita tayoyi?

In ba a taɓa tayarod ba, babu buƙata. In ka ga sitiyari ya karkace mota na tafiya sak, haƙori aka tsallake wajen mayarwa. A zare a gyara zamansa. Kafin ka bar gareji, a ɗaga gaban motar da jak, ka juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe ka ji ko akwai inda yake cijewa, ka danna oda, ka gwada sigina hagu da dama, ka zare makulli ka ga ko sitiyari yana kullewa. Bayan mako guda ka koma a sake taɓa babban notin da na gaɓar ƙasa.