Daidaita Zafin Ruwa a Tankin Hita na Gida

Hitar tanki wani sandan ƙarfe ne mai aiki da lantarki da ake ɗaurawa a jikin tankin ruwan zafi na gida, ya nutse cikin ruwan yana ɗumama shi. An fi amfani da ita a Birtaniya da Ayalan, inda gidaje da dama ke da dogon tanki na jan ƙarfe ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, a ajiye cikin wani ɗan kabad. Aikinta ɗaya ne da na ƙaramar hitar da ake tsomawa a bokiti, sai dai ita a kafe take, kuma tana da na'urar da ke yanke mata wuta idan ruwa ya kai zafin da aka tsara. Wannan na'ura ita ce tamostat, kuma kusan duk matsalar ruwa mai zafin tsiya daga gare ta take tasowa.

Yawancin waɗannan hitoci ƙarfinsu kilowat 3 ne. Hita irin wannan tana buƙatar kimanin awa biyu da minti 20 kafin ta ɗaga lita 120 na ruwa daga digiri 10 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas. Wasu tankunan hita biyu gare su: ta ƙasa tana ɗumama ruwan gaba ɗaya da dare, lokacin da wuta ke da araha a tsarin farashin wuta na Birtaniya da ake kira Economy 7, ta sama kuma ana kunna ta da rana idan ruwan ya ƙare. Kowacce da nata tamostat.

Zafin da ya dace

Hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta Birtaniya, wato HSE, ta ba da shawarar a ajiye ruwan tanki a digiri 60. Ba a tsayar da wannan adadi da ka ba. Ƙwayar cutar Legionella, mai haddasa ciwon huhu mai tsanani da aka gano bayan ɓarkewarsa a Filadelfiya ta Amurka a 1976, tana hayayyafa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, amma a 60 mutuwa take yi. Saboda haka wanda ya sauke zafin tanki zuwa 40 don tsimin kuɗin wuta, ya yi wa cutar shimfiɗa ne. Idan kuma aka haura 65, ana ɓarnar wuta, farin ɓawo yana saurin taruwa a jikin sandan a yankunan da ruwansu ke da alli, kamar Landan da kudu maso gabashin Ingila, sannan ga haɗarin ƙuna.

Ko digiri 60 ɗin ma ba abin wasa ba ne: yana iya sale fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, musamman ta jarirai da tsofaffi. Shi ya sa tun 2010 dokar gine-gine ta Ingila ta ce kada ruwan da ke zuba a bahon wanka na sabon gida ya wuce digiri 48. Ana cim ma hakan ne da bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi kusa da famfo, ba da rage zafin tankin ba.

Yadda ake ragewa

Abu na farko shi ne kashe wuta, a makunnin hitar da kuma babban akwatin fis na gidan, domin wayoyin da ke ƙarƙashin murfin tsirara suke kuma wutarsu tana kisa. Wanda bai saba da aikin lantarki ba, gara ya kira mai gyara.

Murfin hita yakan zama na roba ko ƙarfe, noti ɗaya ko ƙusa ɗaya ke riƙe da shi. Da an ɗage shi za a ga kan tamostat: ɗan faifai mai tsaga a tsakiya daidai bakin sukuddireba, da lambobi kewaye da shi. Wani digiri ake rubutawa a kai, wani kuwa 1 zuwa 5 kawai, ko alamar ƙari da ragi. Sai a murɗa shi kaɗan zuwa ƙasa, a mayar da murfi, a kunna wuta. Ba nan take ake ganin canji ba, don ruwan da ke ciki yana nan da zafinsa har sai an yi amfani da shi. Washegari a tari ruwa a kofi daga famfon da ya fi kusa da tankin a auna da ma'aunin zafi, saboda lambobin faifan ba koyaushe suke faɗin gaskiya ba.

Idan murɗawa ba ta yi amfani ba

Nan ne lamarin ya wuce na daidaitawa. Tamostat ɗin da ya tsufa yakan maƙale a kunne, hita ta yi ta aiki har ruwa ya tafasa. A tsofaffin gidaje, tafasasshen ruwan yana bin bututun iska ya zuba cikin tankin ruwan sanyi da ke cikin rufi. Idan na roba ne kuma bai zauna a kan shimfiɗa mai kyau ba, sai ya yi laushi ya kife a kan ɗakin da ke ƙasa. Haka ta faru a garin Taunton na Ingila a 2006, inda wata jaririya 'yar wata 10 ta rasu, abin da ya sa HSE ta fitar da gargaɗi ga masu gidaje. Alamun da ta lissafa sun haɗa da ruwa mai zafin da ya wuce kima, ƙarar ɓulɓula daga tanki, ruwan ɗumi daga famfon sanyi, da tururi ko danshi a cikin rufi. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki, ya kashe hitar nan take.

Hitocin da ake sayarwa tun daga 2004 suna zuwa da makari na biyu da ke yanke wuta idan tamostat ya gaza, kuma ba ya dawowa sai an danna wani ɗan maɓalli da hannu. Yawan faɗuwarsa alama ce ta lalacewa, bai kamata a yi ta dannawa ana wucewa ba. Sauya tamostat ba ya buƙatar zubar da ruwan tanki, domin a cikin wani busasshen kube yake zaune. Zare shi ake yi a zura sabo mai tsawo ɗaya. Tankin da ke haɗe kai tsaye da babban bututun ruwan gari kuwa, wanda ba shi da bututun iska, ƙwararre mai takardar shaidar aiki da irin wannan tanki, wato G3, ne ya kamata ya taɓa shi.