Richard na Uku na Ingila: tambayoyi da amsoshi kan sarkin tarihi da mugun sarkin wasan kwaikwayo

Shekara biyu da wata biyu kacal Richard na Uku ya yi a kan gadon sarautar Ingila, daga 1483 zuwa 1485, amma har yau ana jayayya a kansa fiye da sarakunan da suka shekara arba'in suna mulki. Yawancin mutane sun san shi ne ta wasan kwaikwayon William Shakespeare, inda ya fito a matsayin maƙetaci mai ƙusumbi wanda ya hallaka danginsa ɗaya bayan ɗaya domin ya gaji sarauta.

Wane ne Richard, kuma a wane irin zamani ya taso?

An haife shi a ranar 2 ga Oktoba, 1452, a fadar Fotheringhay, lokacin da gidajen sarauta biyu masu kaka ɗaya, wato York da Lancaster, suke shirin gwabzawa a kan gado. Mahaifinsa, wanda shi ne jagoran gidan York, ya faɗi a fagen daga a Wakefield a ƙarshen 1460, Richard yana ɗan shekara takwas. A 1461 wansa Edward ya yi nasara ya zama Edward na Huɗu, ya kuma naɗa shi sarautar Gloucester. Tun daga nan Richard bai taɓa juya wa wansa baya ba. Ya bi shi gudun hijira a 1470, suka dawo tare a 1471, ya yi masa yaƙi a Barnet da Tewkesbury, sannan ya riƙe masa arewacin ƙasar shekara da shekaru, har ya ƙwato garin Berwick daga hannun mutanen Sikotlan a 1482.

To, yaya aka yi ya hau gado alhali ɗan wansa yana raye?

Edward na Huɗu ya rasu a ranar 9 ga Afrilu, 1483, ya bar 'ya'ya maza biyu: Edward mai shekara 12, wanda ya zama Edward na Biyar, da ƙanensa Richard mai shekara 9. Edward na Biyar ya tashi ne a hannun dangin mahaifiyarsa, gidan Woodville, kuma tsakaninsu da baffansa babu yarda, domin kowane ɓangare ya san cewa wanda ya riƙe yaron shi ne ya riƙe ƙasar. Richard ya tare ayarin sabon sarkin a hanyarsa ta zuwa Landan, ya kama kawun yaron, Anthony Woodville, da wasu na kusa da shi, majalisar fada kuma ta amince masa ya riƙe mulki har yaron ya girma.

Daga tsakiyar watan Yuni al'amura suka soma gudu. A ranar 13 ga wata aka fille kan William Hastings, babban aminin marigayin sarki, ba tare da wata shari'a ta kirki ba. Kwana uku bayan haka aka karɓo ƙanen sarkin daga cocin Westminster, inda mahaifiyarsa ta fake da shi, aka kai shi Hasumiyar Landan wurin wansa. Sai aka soma shelar cewa Edward na Huɗu ya riga ya ƙulla alkawarin aure da wata mata mai suna Eleanor Butler kafin ya auri uwar yaran, saboda haka aurensa bai inganta ba, 'ya'yansa kuma ba su da gado. An kashe Anthony Woodville a ranar 25 ga Yuni, washegari Richard ya karɓi sarauta, aka naɗa shi a ranar 6 ga Yuli. Abin lura shi ne, maganar alkawarin auren ba ta fito fili ba sai a makon da ake bukatarta, bayan mijin da matar duk sun mutu.

Shi ne ya kashe yaran biyu?

Babu wata shaida da ta tabbatar da hakan kai tsaye, amma zargin ya fi nauyi a kansa fiye da kowa. Wani Ba'italiye mai suna Dominic Mancini, wanda yake Landan a waɗannan watannin, ya rubuta kafin ƙarshen 1483 cewa an janye wa yaran barorinsu, an mayar da su can cikin hasumiyar, ana hango su ta tagogi jefi-jefi har aka daina ganinsu kwata-kwata. Ya kuma ruwaito daga likitan yaron cewa Edward kullum sai ya nemi gafarar zunubansa, domin ya sa a ransa cewa mutuwa na tafe. A watan Janairun 1484 wani babban jami'in gwamnatin Faransa ya faɗa a gaban majalisar ƙasarsa cewa an kashe yaran kuma an bai wa makashinsu sarauta. Ke nan zargin ya girmi mulkin gidan Tudor, wato gidan da ya karɓi sarauta bayan an kashe Richard, don haka ba za a ce su ne suka ƙago shi ba.

Masu kare Richard suna nuna yatsa ga wasu, musamman Buckingham, wanda ya taimake shi hawa gado sannan ya yi masa tawaye a watan Oktoban 1483, da kuma Henry Tudor, mai neman sarauta daga ɓangaren Lancaster da ya hau gado bayan Richard, wanda shi ma rayuwar yaran barazana ce gare shi. Wasu ma suna ganin yaran sun tsira, suna kafa hujja da Perkin Warbeck, wanda daga baya ya ce shi ne ƙaramin, har aka rataye shi a 1499. A ganina hujjar da ta fi wuyar turewa ita ce, yaran a hannun Richard suke, jita-jitar mutuwarsu tana ci masa magoya baya, amma bai taɓa fito da su aka gansu ba.

Akwai wani abin kirki da aka sani a mulkinsa?

Akwai. Majalisa ɗaya tak ta zauna a zamaninsa, a 1484, kuma ta yi dokokin da suka ba da damar belin wanda ake tuhuma, suka hana a ƙwace dukiyarsa kafin a same shi da laifi, suka kuma soke kuɗin da sarakuna kan tatsa daga talakawa da sunan kyauta. Da labarin mutuwarsa ya isa birnin York, an rubuta a kundin majalisar garin cewa kisansa babban baƙin ciki ne ga birnin.

Yaya ƙarshensa ya kasance?

Ɗansa tilo na aure ya mutu a 1484, matarsa Anne Neville ta bi shi a watan Maris na 1485. A watan Agusta Henry Tudor ya sauka daga Faransa da dakarunsa, aka haɗu a Bosworth a ranar 22 ga wata. Richard ya hango Henry da 'yan mutane kaɗan, sai ya kai masa sukuwa da kansa, ya kashe mai riƙe masa tuta, amma dakarun William Stanley, waɗanda suka tsaya gefe suna jiran su ga inda rinjaye yake, suka auka masa. Ya mutu yana da shekara 32, kuma shi ne sarkin Ingila na ƙarshe da ya mutu a fagen daga. Hatta marubutan da suke cin abincin gidan Tudor sun yarda cewa ya mutu yana faɗa irin na maza.

Daga ina Shakespeare ya samo nasa Richard ɗin?

Ya rubuta wasan wajen 1592 zuwa 1593, sama da shekara ɗari bayan Bosworth, a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, jikar Henry Tudor. Ya dogara da littattafan tarihi na Edward Hall da Raphael Holinshed, su kuma sun kwaso da yawa daga rubutun Thomas More. Shi More yana yaro ya yi hidima a gidan John Morton, ɗaya daga cikin manyan abokan gabar Richard. Akwai wani fage a wasan da Richard yake roƙon Bishop na Ely ya aika a tsinko masa 'ya'yan sitiroberi daga lambunsa, cikin fara'a, jim kaɗan kafin ya dawo a fusace ya sa a fille kan Hastings. Daga More wannan labarin ya fito, Bishop ɗin kuwa Morton ne da kansa.

Me ya ƙara, me kuma ya sauya?

Ya ƙara da yawa. A wasan Richard ne ya kitsa kashe wansa George na Clarence, alhali a tarihi Edward na Huɗu ne ya gurfanar da shi gaban majalisa da laifin cin amana aka kashe shi a 1478. Sarauniya Margaret, matar Sarki Henry na Shida na gidan Lancaster, tana yawo a fada tana tsine wa kowa, alhali ta koma Faransa ta mutu can a 1482. A wani wasan da ya gabaci wannan, an nuna Richard yana kisa a yaƙin St Albans na 1455, lokacin da bai cika shekara uku da haihuwa ba. Babu kuma shaidar cewa ya kashe matarsa. Abubuwan da suka ɗauki shekara goma sha huɗu an matse su kamar a 'yan makonni suka faru.

Abin da ya sa wasan ya yi tasiri shi ne yadda Richard yake juyowa ga 'yan kallo ya faɗa musu makircin da zai ƙulla, ya je ya aikata, ya dawo yana raha yana neman su yaba masa. Mai kallo yakan tsinci kansa yana dariya tare da shi, har sai an zo kan kisan yaran, daga nan barkwancin yake gushewa. A daren Bosworth fatalwowin waɗanda ya kashe suna zuwa masa cikin barci, washegari kuma ana ganinsa a ƙasa yana kururuwar neman doki ko da a bakin mulkinsa ne.

Da gaske yana da ƙusumbi da shanyayyen hannu?

Wannan tambayar ta sami amsa. A 2012 masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Leicester, tare da ƙungiyar masu kare sunan Richard, suka haƙa wani wurin ajiye motoci a birnin, inda tsohon cocin Greyfriars yake a da. Suka tarar da ƙasusuwan wani mutum a cikin kabarin da ya yi masa kaɗan, babu alamar akwatin gawa. A ranar 4 ga Fabrairu, 2013, jami'ar ta sanar cewa shi ne, bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya dace da na zuriyar yayarsa Anne. Ƙashin bayansa ya karkace gefe sosai, ta yadda kafaɗarsa ta dama za ta ɗan fi ta hagu tudu, amma wannan daban yake da ƙusumbi, kuma hannayensa biyu lafiya suke. An ƙirga raunuka 11 a jikinsa, 9 daga ciki a ƙoƙon kai, wani kuma a ƙugu wanda ake kyautata zaton bayan ya mutu aka yi masa don wulaƙanci. An sake binne shi a babban cocin Leicester a ranar 26 ga Maris, 2015.

Shin gano ƙasusuwan ya wanke shi?

Ya gyara bayanin surarsa ne kawai, bai ce komai ba a kan yaran. A 1674 ma'aikata sun tono ƙasusuwan yara biyu a ƙarƙashin wani matakala a Hasumiyar Landan, Sarki Charles na Biyu ya sa aka adana su a cocin Westminster a matsayin na 'ya'yan Edward. An duba su a 1933, kafin a san gwajin ƙwayoyin halitta, kuma daga lokacin ba a ba da izinin sake buɗe su ba. Ko da an gwada an tabbatar nasu ne, gwajin zai nuna ko su wane ne da kimanin shekarunsu, amma ba zai faɗi wanda ya ba da umarnin kashe su ba.