Bututun mai na tsofaffin motoci

Bututun mai shi ne hanyar da fetur ke bi daga tanki zuwa famfon mai, daga nan zuwa kafireta. A tsofaffin motoci kashi biyu ne: dogon bututun ƙarfe da ke bin ƙarƙashin mota, da gajerun tiyo na roba da ke haɗa shi da tanki da injin, domin injin yana jijjiga, ƙarfe kuwa ba ya jure lanƙwasa kullum. Lalacewarsa na cikin sanannun dalilan tashin gobara a irin waɗannan motoci.

Tarihi

Motocin farko ba su da famfon mai. A Ford Model T, wadda aka fara ƙerawa a 1908, tankin yana ƙarƙashin kujera, mai yana gangarowa da kansa zuwa injin. Idan mai ya yi ƙasa kuma aka zo hawan tudu, sai ya daina isa kafireta, shi ya sa ake ba da labarin direbobin da ke hawa tudu da baya. Famfon da injin ke juyawa ya fara yaɗuwa ne wajen ƙarshen shekarun 1920, abin da ya sa bututun ya ƙara tsawo a motocin da tankinsu ke can baya.

Da farko an yi amfani da jan ƙarfe saboda sauƙin lanƙwasawa, amma jijjiga tana sa shi taurara har ya tsage, galibi dab da noti. A cikin shekarun 1920 Harry Bundy na Detroit a Amurka ya fito da bututun da ake naɗe fallen ƙarfe mai rufin jan ƙarfe sau biyu a liƙe shi da zafi, kuma har yau da sunansa ake kiran irin wannan bututu. Robar nitril mai jure mai an samar da ita a Jamus a shekarun 1930, ita ce ta zama cikin tiyo na shekaru masu yawa. Kamfanin DuPont ya kawo robar Viton, wata roba mai jure mai da zafi, wajen ƙarshen shekarun 1950.

Yadda yake lalacewa

Ƙarfe tsatsa ke cinsa, musamman ƙarƙashin kilif inda laka da danshi ke maƙalewa. Tiyo kuwa daga ciki yakan fara mutuwa. Wanda aka lulluɓe da saƙar zare, irin na Volkswagen Beetle, ya fi ruɗi: a ido lafiya lau, amma in aka matsa shi da yatsa sai a ji ya bushe ƙamas, ko a ga zaren ya jiƙe yana warin fetur. Ɓarɓashin robar kan toshe filta, ko ya hana allurar kafireta rufewa har mai ya tumbatsa.

Sinadarin etanol ya ƙara tsananta lamarin, domin yana cin tsohuwar roba, yana kuma jawo danshi. Birtaniya ta mayar da E10, fetur mai etanol har kashi 10 cikin 100, man gama-gari a Satumbar 2021.

Sauyawa

Ana aikin ne bayan injin ya huce, a wuri mai iska, bayan an cire kan batir an kuma juye man tanki. Tsohon bututun ƙarfe ba a yar da shi sai an lanƙwasa sabon a kan siffarsa. Kaurin da aka fi samu shi ne milimita 6, 8 da 10. Ƙa'idar SAE J30 ta ƙungiyar injiniyoyin motoci ce ta rarraba tiyo: R6 da R7 na ƙaramin matsi ne, R9 na babban matsi, kuma ya fi jure etanol, don haka ake sa shi ko a mota mai kafireta. Dole a nisanta bututu daga salansa, saboda zafi na mayar da fetur tururi a ciki har injin ya mutu. Inda ya ratsa jikin mota a sa masa zoben roba. Bayan an tayar da injin, a bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma don a ga ko mai na yoyo.

Saɓani

Masu son mota ta zauna yadda ta fito daga kamfani sun fi son ƙarfe da tiyo mai zare. Wasu sun fi son bututun haɗin jan ƙarfe da nikel, wanda ba ya tsatsa.