Waiwaye: Rufin Majami'ar Sistin da Taƙaddamar Wanke Shi

A shekarar 1508 Fafaroma Yuliyus na Biyu ya ɗora wa Mikelanjelo aikin zana rufin majami'ar Sistin da ke fadar Batikan a birnin Rum, rufin da kafin nan shuɗi ne kawai mai taurarin ruwan zinare. Mikelanjelo ya so ya ƙi, domin yana ɗaukar kansa mai sassaƙa dutse ne, amma da ya karɓa sai ya faɗaɗa aikin daga almajiran Yesu 12 da aka nema zuwa surori sama da 300, ciki har da fage 9 daga Littafin Farawa, littafi na farko a cikin Baibul. An buɗe rufin a watan Oktoba na 1512.

Wahalar aikin tana cikin salon zanen. Ana shafa launi ne a kan ɗanyen filasta, saboda haka kullum sai an yaɓa daidai abin da mai zane zai iya gamawa kafin ya bushe, kuma kuskure ba ya gyaruwa sai an kankare wurin. A tsaye yake aiki bisa dandamalin katako, kusan mita 20 daga ƙasa, kansa a ɗage, launi na ɗiga masa a fuska. Wanda ya lura zai ga cewa mutanen fagen ruwan Ɗufana, inda ya fara, ƙanana ne kuma a cunkushe, sannan surorin suka yi ta girma har zuwa fagen halittar Adamu, inda yatsu biyu suka kusa haɗuwa amma ba su taɓa juna ba.

Hayaƙin kyandir na ƙarnuka da gam ɗin da masu gyara na baya suka shafa sun dusashe rufin, har aka daɗe ana ɗaukar Mikelanjelo mai son launi mai duhu. Wankin da aka yi wa majami'ar daga 1980 zuwa 1994, ƙarƙashin Gianluigi Colalucci da kuɗin gidan talabijin na Nippon na Japan, ya fito da kore da ruwan lemo masu haske. Masana irin su James Beck suka ce an wanke har da inuwar da mai zanen ya ƙara bayan filasta ta bushe. A ganina kokensu abin saurare ne, tun da abin da aka goge ba ya dawowa, sai dai launin da ya bayyana ya dace da zanen da aka yi domin a hango shi daga ƙasa da hasken tagogi kaɗai.