Dokar duba nama a Kamaru da cutar kaska da hatimi ba ya gani

Doka mai lamba 2000/017 ta 19 ga Disamba 2000 ita ce ta tsara yadda ake duba dabbobi da naman da ake sayar wa jama'a a Kamaru. Dabbar da za a yanka don kasuwa, sai ma'aikacin lafiyar dabbobi ya gan ta da ranta, bayan an feɗe kuma ya duba naman da kayan ciki. In ya gamsu ya buga hatimi, in ya ga cuta yana da ikon ƙwace naman a lalata shi. Ma'aikatar kiwo, wato MINEPIA, ce ke riƙe da wannan aiki, tun daga kwatar Garwa da Marwa da Ngaundere har zuwa ƙananan garuruwa. Mai yankan ɓoye ya kawo nama kan tebur ya karya doka, ko da naman ba shi da aibu.

Dokar tana da amfani ƙwarai, ta hana mutane cin nama mai tarin fuka da mushe. Sai dai akwai cutar da idon ma'aikaci ba ya iya kamawa, ita ce zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango, wanda kaska ke yaɗawa. Saniya ko tunkiya tana ɗauke da ƙwayar cutar a jininta kamar mako guda, tana kiwo lafiya lau, ba ramewa, ba zazzaɓi. Mutum ne ke kwanta. Yana kamuwa ta cizon kaska, ko ta taɓa jinin dabba lokacin yanka da fiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 na iya rasuwa. Gwajin jinin shanu a Kamaru kuwa ya nuna cewa da yawansu sun taɓa haɗuwa da ƙwayar. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne yaron mahauci mai riƙe ƙafa, hannunsa duk kaushi da yankan wuƙa, jini har gwiwar hannu. Haka ma makiyayin da ke tsintar kaska a hantsar saniya da safe yana murtsuke ta da farce.

Shi ya sa shawarar likitoci ke farawa tun kafin ranar yanka: a yi wa dabba maganin kaska, a keɓe ta kwana 14. Ga masu sayen ragon layya wannan ya fi muhimmanci, domin ranar Babbar Sallah a tsakar gida ake yanka, inda babu mai dubawa.

Maganin kaskar ma yana da dokarsa, mai lamba 2000/018, wadda aka sa wa hannu a rana ɗaya da ta farkon. Maganin dabbobi sai wanda hukuma ta amince da shi, kuma ba kowa ke da izinin sayar da shi ba. Abin da ke damuna a nan shi ne yadda wasu ke wanke shanu da maganin feshin auduga don yana da arha. Yana ƙona fata, yana iya kashe maraƙi, gubar kuma tana iya bin nono har ƙwaryar da yara ke sha. Ko ingantaccen magani, a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin yanka ko shan nonon. Wanda bai iya karatun Faransanci ba ya sa likitan dabbobi ya karanta masa.

In kaska ta kama mutum, a sa matsefata a riƙe ta daf da fata, a ja a hankali har kan ya fito, a wanke wurin da sabulu. Kada a fasa ta da hannu. Idan bayan haka zazzaɓi ya taso farat ɗaya, da ciwon kai da na baya da jan ido, cikin kwana 9 da cizon ko kwana 13 da taɓa jini, kada a tsaya kan maganin maleriya na shago. A tafi asibiti, a faɗa wa ma'aikacin jinya sana'ar mara lafiyar da ranar da aka cire masa kaska. Mai kula da shi kuma ya sa safar hannu, domin jinin mara lafiyar shi ma yana yaɗa cutar.