Gigin tsufa: mene ne shi, kuma me ya sa ya fi kama wasu al'ummu?

A Maradi in tsohuwa ta fara tambayar mijinta da ya rasu shekara ashirin da suka wuce, ko ta fita ƙofar gida ta kasa gane hanyar komawa, sai ka ji an ce, "Ku ƙyale Kaka, gigin tsufa ne." Abin da likitoci ke kira dimenshiya ke nan: lalacewar ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har tunani da magana da sanin mutane su gagara. Ya bambanta da mantuwar yau da gobe. Wanda ya manta inda ya ajiye carbi lafiyarsa lau. Wanda ya riƙe carbi bai san amfaninsa ba, shi ne abin dubawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce, wadda wani likita Bajamushe ya fara bayyanawa a 1906. Daga shekara 65, haɗarin yakan ninka kusan duk shekara biyar, shi ya sa ƴan casa'in suka fi shiga ciki.

A Amurka an lura cewa tsofaffi baƙaƙen fata sun fi turawa kamuwa, kusan ninki biyu, ƴan asalin Asiya kuma su ne a ƙasa. Mai gaggawa sai ya ce jini ne. To amma ga binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta Yarbawan Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka. A sakamakon 2001, kashi 1.35 cikin ɗari na tsofaffin Ibadan ke kamuwa a shekara, na Amurka kuwa 3.24. Asali ɗaya daga Afirka ta Yamma, rabo daban. Gado yana da hannu, akwai ƙwayar halitta mai suna APOE4 da ke ƙara haɗari, sai dai a ganina rayuwa ta fi nauyi a ma'auni: hawan jini da ciwon suga sun fi yawa ga na Amurka, ga abinci mai maiƙo, ga tarihin wariya a makaranta da asibiti.

Saboda haka tambayar ko Bagobiri ya fi Bakatsine ko Bafulatani kamuwa ba ta da wani amfani a wurinmu. Gara a tambayi wa ke da hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba, wa kunnensa ya toshe ya daina zama majalisa. Kuma a daina jifan irin waɗannan tsofaffi da kalmar maita (ana yi, kowa ya sani). In Baba ya fara ruɗewa, a kai shi asibiti a auna masa tansiyo (wato hawan jini) da suga tukuna, domin akwai ruɗewar da zazzaɓi ko ciwon fitsari ke kawowa, kuma tana warkewa da magani.