Awa ɗaya ko awa huɗu da goggon biri: a karanta kafin a kira ni

Duk wanda ya fara shirin zuwa Uganda ko Ruwanda ganin goggon birin tsauni, tambayoyinsa ba sa wuce waɗannan. Bakina ya gaji da maimaita amsa, shi ya sa na tara su wuri ɗaya.

Mene ne bambancin bin sawu da shirin sabarwa?

A bin sawu, garken da ya riga ya saba da mutane za a kai ku. Ku takwas ne, kuma awa ɗaya za ku yi da su daga lokacin da aka same su. A sabarwa kuwa, garken da har yanzu ake koya masa jure ganin ɗan Adam za ku bi, ku huɗu kacal, na tsawon awa huɗu, tare da ma'aikatan da aikinsu ke nan kullum. Sabar da garke guda yakan ci shekara biyu zuwa uku.

Zan iya yin sabarwar a Ruwanda?

A'a. Uganda ce ke sayar da izininta, a dajin Bwindi, ɓangaren Rushaga da ke kudancin dajin. Bin sawu na awa ɗaya ne ake yi a ƙasashen biyu: a Bwindi da Mgahinga ta wajen Uganda, da kuma gandun dajin tsaunuka masu aman wuta da ke kusa da garin Musanze a Ruwanda. Kada a tambaye ni gandun dajin Birunga na Kwango, yaƙi ake yi a yankin.

Nawa ne?

Bisa jadawalin hukumar kula da namun dajin Uganda da ya fara aiki a Yulin 2024, baƙo daga wajen Afirka yana biyan dala 800 na bin sawu, dala 1,500 na sabarwa. Mai fasfon wata ƙasar Afirka, irin su Najeriya, Nijar ko Gana, dala 500 ne da dala 1,000. Ruwanda kuwa tun 2017 ta mayar da kuɗin awa ɗayanta dala 1,500, amma ita ma tana yi wa 'yan Afirka rangwame. Farashi yana canzawa, a duba kafin a biya. Kuma don Allah a daina barin dillali yana rubuta muku kuɗin Bature alhali koren fasfo ne a aljihunku.

Ina da mura kaɗan, amma na riga na biya. Ba sai in yi shiru ba?

Wannan tambayar tana ɓata min rai. Ƙwayar halittarmu da tasu ta yi kama da kusan kashi 98 cikin ɗari, don haka abin da ya kama ka zai kama su, su kuma ba su da garkuwar da kake da ita. A 2009 cutar numfashi irin ta mutane ta ɓarke a wani garke a Ruwanda, biyu suka mutu, mace babba da jariri. Duk duniya goggon birin tsauni 1,063 ne a ƙidayar da aka fitar a 2019. Faɗa wa ma'aikata gaskiya a wurin taron safe, su san yadda za su yi da kai. In kuma lafiyarka ƙalau, za ka sa takunkumi, ka tsaya nesa da su mita goma, ba cin abinci kusa da su, ba filashin kyamara.

Ɗana shekararsa 13, amma yana da girman jiki.

Shekara 15 ce ƙa'ida, kuma fasfo suke dubawa, ba tsawo ba.

Kuɗin ɗaya kawai nake da shi. Wanne zan saya?

To, a nan ne ba ni da amsa guda, sai ka yi haƙuri ka karanta. Abin da ke ruɗar mutane shi ne lissafi: awa huɗu a kan ninki biyu na kuɗi, ai riba ce. Ba haka abin yake ba. Garken da ya saba bai damu da kai ba ko kaɗan. Za ka iya tarar da uban garke, mai furfurar baya, ya kishingiɗa yana ɓare reshe da haƙori, 'ya'ya suna kokawa suna gangarowa har kusa da ƙafarka sai an ce ka ja baya. Awa ɗayar nan kusan dukanta kallo ce. Garken da ake sabarwa kuwa bai gama yarda da kai ba tukuna. Ya gan ku, ya tashi, ya shige duhuwa, ku bi shi, ya sake tashi. Wani kaso mai yawa na awa huɗun a kan ƙafa yake tafiya, kana hango baƙin gashi ta tsakanin ganye, kana jin ƙarar karyewar rassa da gurnani. Wata rana kuma sai su zauna a fili su ba ku abin da ya fi na kowa. Ya danganta da inda aka kai a aikin sabar da garken, da yanayin uban garken a ranar, ba wanda zai yi maka alkawari.

Abin da kake saya a sabarwa aikin ne kansa. Da sassafe kuke fita, kafin masu awa ɗaya, ku nufi inda garken ya kwana. Kowane babban biri yakan lanƙwasa rassa da ganye ya yi wa kansa sabuwar shimfiɗa duk dare, kuma da waɗannan shimfiɗu ake ƙirga su. Za ka ga ma'aikaci ya durƙusa yana duba kashi, girmansa ya gaya masa na babba ne ko na yaro, ya tsinci farin gashi a ganye ya ce nan uban ya kwana. Za ka ji suna yin wani gyaran murya mai kauri daga maƙogwaro, irin wanda biran ke yi wa juna idan hankalinsu a kwance yake, don su sanar da su cewa ba faɗa ya kawo mu ba. In irin wannan ne ke burge ka, kuɗinka bai tafi a banza ba ko da hotunan ba su yi kyau ba.

Saboda haka, in zuwanka na farko ne, ko hoto kake nema, ko gwiwarka tana ɗan ciwo, ni dai bin sawu zan ce, ko da yake shi ma wani lokacin sai an yi tafiyar awa biyar kafin a same su. In ka taɓa zuwa, kana da ƙarfin jiki da haƙuri, kuma cunkoson mutum takwas kowa na ɗaga waya ya dame ka, gwada sabarwa. Akwai ma hanya ta uku da ba a cika tunawa da ita ba: ga ɗan Afirka, bin sawu sau biyu dala 1,000 ne, daidai da sabarwa ɗaya. Garke biyu ke nan, kwana biyu, in ruwan sama ya ɓata maka ɗaya ɗayan ya rama. Sai dai akwai ƙarin kwanan masauki, kuma cinyoyinka za su gaya maka a rana ta biyu.

In babban ya taso min fa?

Kwantar da hankalinka. Zai miƙe, ya daki ƙirji, ya fizgi reshe, ya rugo da ihu, sannan yawanci ya ja birki ya kauce. Gargaɗi ne. Durƙusa, sunkuyar da kai, kada ka zura masa ido, kada ka gudu. A sabarwa an fi ganin haka. Yi abin da jagora ya ce kawai, shi kullum yake gani.

Ba zalunci ba ne a saba musu da mutane?

Akwai hasara a ciki, ba zan ɓoye ba. Birin da ya daina tsoron mutum ba ya bambanta ɗan yawon buɗe ido da mafarauci. A Yunin 2020 wani mafarauci ya kashe Rafiki, uban garken Nkuringo, da mashi, aka yanke masa ɗaurin shekara 11. Amma garken da ya saba shi ake iya dubawa kullum, likita ya kusance shi ya cire masa tarkon waya, kuma kuɗin izinin ne ke biyan masu gadi. A 2018 aka sassauta matsayin goggon birin tsauni a jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa, domin yawansu ya ƙaru.

Ba mu da su a Najeriya ne, sai an je har Uganda?

Muna da namu na Kuros Riba, wani iri daban da na tsauni, a dutsen Afi da tsaunukan Mbe har zuwa cikin Kamaru, ba su wuce 300 ba. Ba a sabar da su ba, masu bincike ma da kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya suke ganinsu. Ba na yawon buɗe ido ba ne.

Dole ne in ɗauki ɗan dako?

Ba dole ba ne, amma ɗauka. Bwindi tsauni ne da ya haura mita 2,600 a ƙololuwarsa, ga santsi, ga taɓo ko da rani. Wanda ya ce shi ƙaƙƙarfa ne, a kan gangara ta biyu yake neman hannun da zai riƙe. Dala 20 ko makamancin haka ba za ta talauta wanda ya biya 500 ba, kuma mutanen ƙauyukan bakin dajin ne ke samu. Sa takalmi mai riƙe ƙasa, ɗauki rigar ruwa da safar hannu saboda ƙaya, ka cusa ƙafar wando cikin safa, in ba haka ba kwarkwasa za ta hau ka.

Ta ina zan shiga, kuma yaushe zan sayi izini?

Daga Kigali zuwa Rushaga awa huɗu zuwa biyar ne a mota ta iyakar Cyanika, daga Entebbe kuwa kusan yini guda. In a watannin Yuni zuwa Satumba ko Disamba zuwa Fabrairu za ka je, nemi izini da watanni, musamman na sabarwa da gurabensa ba su da yawa. Duba sunan ɓangaren da ke jikin izininka kafin ka kama ɗaki, domin Buhoma da Rushaga duk Bwindi ne amma tsakaninsu tafiyar awanni ce a mota. Katin rigakafin shawara kuma ya kasance tare da fasfonka, ba a cikin akwati ba.